Gidan Ja Ko Mota Mai Ɗaki

Satina na farko a Dubai na gane aikin da aka ce yana jirana babu shi. Ejan ɗin da ya yi min bizar wata uku ya ce shagon waya ne a Deira, ina sauka zan fara. Na je da farar rigata a goge, mai shagon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi bai taɓa jin sunan mutumin ba. Tun daga ranar lambar ejan ba ta ƙara shiga ba. A 2018 ke nan, ana gab da shiga zafi.

To, ni dai na riga na zo. Wani ɗan unguwarmu ya sama min makwanci a wani filat a Al Qusais, gado mai hawa biyu, ni a sama, hancina kusa da silin. Kullum da safe in ɗau takarduna in bi layin sito-sito ina tambayar aiki. Amsar ɗaya ce, ka bar lamba za a kira ka. In Umma ta bugo waya sai in fita baranda in ce mata komai lafiya, ana ta shirye-shirye. Yunwa ba ta dame ni sosai ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ka yi tafiyar awa guda babu wanda ya ce maka sannu. A Kano kafin ka kai bakin titi ka gaji da gaisuwa.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da ni kafin mu yi nisa. Ni mayen motoci masu ɗaki ne. Tun ina garejin kawuna a Ƙofar Ruwa, duk datar da na saya a kallon bidiyon Turawan da suke zaune cikin mota take ƙarewa. Turancin ma da nake ɗan taɓawa, rabinsa a nan na tsinta. Na san inda tankin ruwa yake, na san yadda ake zubar da na banɗaki, na san abin da yake kashe batir. Abokaina har gudu suke in na fara. Amma duk wannan surutun, ban taɓa ganin ko guda ɗaya da idona ba.

Wata rana ina yawon neman aikin, can bayan wasu sito, sai na hango wani farin abu ya leƙo ta saman katanga. Wallahi tun daga goshinsa na gane shi. Na zagaya na sami ƙofa, na shiga ba sallama ba komai. Fili ne na sayar da irin waɗannan motocin, na hannu, suna jere a rana. Na tsaya kamar wanda ya ga ɗan'uwansa a tasha.

Bari in ɗan yi muku bayani, don labarin ba zai tafi ba sai da shi. Manyan iri biyu ne. Na farko mota mai ɗaki, wadda suke ce wa motohom. Kamar bas ce aka cire kujerun aka zuba gado da kicin da banɗaki, direba da mutanen ɗaki duk ƙarƙashin rufi ɗaya. Na biyun ni gidan ja nake ce masa. Shi ba shi da inji. Gida ne guda a kan taya, gabansa ya ɗaga sama, a hau da shi bayan a-kori-kura a maƙale a kan wani farantin ƙarfe, daidai yadda kan tirela yake riƙe bodinsa.

Ni tun can gidan ja na fi so, kuma ina da hujjata. Ya fi fili nesa ba kusa ba, wani ma in ka danna maɓalli bangon ne zai fita waje falo ya ƙara faɗi. In ka isa inda za ka, ka kwance shi ka ajiye, ka ɗau motarka ka shiga gari cefane. In inji ya lalace, motar kawai makanike zai riƙe. Mota mai ɗaki kuwa in ta tsaya maka a hanya, kai da katifarka da tukwanenka duk kun zama 'yan gareji. Na sha yin wannan musun ni kaɗai a raina, kullum gidan ja ne yake ci.

Mai filin wani Balarabe ne mutumin Sham, Abu Samir, gajere mai tumbi, carbi ba ya barin hannunsa. Ya fito zai kore ni, sai ya tarar da ni a tsugune ina shafa ƙafar wani gidan ja ina yi wa direbansa bayanin yadda ake daidaita ta. Ya yi dariya har carbin ya faɗi. Ya ce in ina so in riƙa zuwa ina wanke su, babu albashi, amma akwai abincin rana. Na ce na yarda tun bai rufe baki ba.

Direban nan sunansa Khan, dogo, ɗan Pakistan, gemunsa ja da lalle. Ba ma jin yaren juna sosai, amma kullum da hantsi zai sayo shayin karak ya raba kofin gida biyu ya miƙo min rabi. Shi ne mutum na farko a garin da ya tambaye ni ko mahaifiyata tana raye.

Akwai wani ƙaton gidan ja a ƙarshen filin da ya daɗe a ajiye, rana har ta fara cin fentinsa. Mutanen ƙasar ƙanana suka fi so, waɗanda za su ja su shiga yashi. Wata rana Abu Samir ya kira ni ofis, ya nuna shi ta taga ya ce, "Habibi, 'yan ƙasarku suna son babban abu. Ka kawo min wanda zai ɗauke min wannan, ni kuma in yi maka bizar aiki. Khalas, shi ke nan."

Lokacin saura min 'yan makonni bizata ta ƙare. In ta ƙare babu aiki, gida zan koma hannu rabbana, bayan duk abin da Umma ta sayar aka yi min tikiti.

Ran Juma'a bayan masallaci 'yan Kano suna taruwa a wani gidan abinci a Al Buteen su ci tuwo. Ni ba kullum nake iya saye ba, amma ina zuwa in ji Hausa. Ranar ina nuna wa wani hotunan gidan jan a wayata, sai wani dattijo a teburin gefe ya miƙo hannu ya ce in ba shi ya gani. Alhaji Ɗanlami ke nan, ɗan kasuwar yadi, yana zuwa ya yi lodin kwantena ya koma. Ya daɗe yana kallo, yana buɗa hoton da yatsa. Ya ce gobe in kai shi.

Da ya zo, na yi masa bayani har maƙogwarona ya bushe. Na fitar masa da bango, na kunna famfo, na nuna masa inda za a shimfiɗa darduma mutum huɗu su yi sahu. Na kai shi wajen wata mota mai ɗaki ma don ya gwada, amma ina kushe ta, don gaskiya a lokacin haka na gani. Ya leƙa ya ga kujerar direba tana kallon gado, ya girgiza kai ya fito. Ya koma cikin gidan jan ya zauna a bakin gado ya ce, "Wannan shi ne. Mata suna nasu ɗakin, direba yana tasa motar. Ba ya ganin su, ba sa ganin sa."

Sai a lokacin ya faɗi abin da yake son yi da shi. Mahaifiyarsa ce. Ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya zaman mota, sai kwanciya. Ya kawo ta asibiti nan Dubai, an ɗan samu sauƙi. Ita kuma 'yar wani ƙauye ce gaba da Nguru, tana da yaya a can da ta tsufa tukuf, rabon su da ganin juna tun kafin ciwon. Yana so in sun koma ya kai ta, a kwance, cikin mutunci, ba tare da wani ƙato ya zauna yana kallon ta ta madubi ba. Ya ce in tambayi Balaraben ko mutum zai iya zama a ciki ana tafiya. Abu Samir ya ɗaga hannu biyu ya ce babu matsala ko kaɗan. Na fassara yadda ya faɗa.

A duk bidiyon da na kalla, ban taɓa ganin wanda ya bar iyalinsa cikin gidan ja ana tafiya ba. Kowa a motar gaba yake zama. Na san da haka. Amma na ce a raina, su Turawa ne, komai sai sun sa masa tsoro. Mu da muke ganin mutane a saman tirelar shanu tun daga Maigatari har Legas? Ɗaki mai katifa ai gata ne.

Alhaji zai wuce wajen 'yan kago, masu aika kaya gida ta jirgin ruwa, sai ya ce in bi ta masaukinsu a Al Khabaisi in nuna wa mahaifiyar tasa, Hajiya, hotunan. Na yi mamakin me ya sa ba zai nuna mata da kansa ba. Matarsa, Anti Rabi, ita ta buɗe min ƙofa, ita ta warware min. Alhaji ɗan fari ne. Hajiya ba ta faɗin sunansa, mutumin nan take ce masa. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice. Da aka gaya mata maganar motar, cewa ta yi duk yadda aka yi daidai ne. Ko asibitin nan, in wani wuri yana mata ciwo, sai dai Anti Rabi ta gane a fuskarta.

Ni kuwa ina shiga ta ɗago ta dube ni ta ce ga wani sabon miji an kawo mata, amma wannan ramamme ne, ko kuɗin goro ba zai iya ba. Na ce Hajiya ni ma amarya mai haƙora nake nema, tsautsayi ne ya kawo ni. Ta yi dariya har sai da Anti Rabi ta gyara mata matashi. Rabona da irin wannan wasan tun rasuwar kakata. Na zauna a ƙasa kusa da gadonta ina wuce mata hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce ɗakin ya fi wanda aka kai ta tana amarya. Ta tambayi inda direba yake zama, na nuna mata motar gaba. Ta tambaya ko akwai ƙofa tsakani, na ce babu. Ta ce ita tun tana da lafiya mota tana juya mata ciki, in abin ya taso sai an tsaya ta sha iska. Sannan ta ce, "To, ɗan nan, in na ce a tsaya, wa zai ji ni?"

Anti Rabi ta ce ai tana tare da ita, sai ta buga wa direban waya. Hajiya ta ce waya a wannan dajin, inda sai mutum ya hau tudu yake samun sabis? Sai kuma ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta ce kada in kuskura in kai wa mutumin nan wannan maganar. Ya riga ya yi niyyar alheri, ba za a ɓata masa ba. Ita za ta daure, ba yau ta fara ba.

Na fito ina ta juya tambayar. Duk abin da na sani a kan motocin nan a waya na gan shi, to bari in ji da jikina. Juma'ar da ta biyo, da safe, layin sito babu kowa, na roƙi Khan ya maƙala gidan jan ya ja ni a ciki. Ya buga yatsa a goshinsa, wato na haukace. Na nace. Ya ce zagaye ɗaya, a hankali, ta bayan layi, kuma Abu Samir kada ya ji.

Na hau gadon na kwanta, na maƙale hannu ɗaya a ƙirji, na ce wannan ba zan yi amfani da shi ba. Muna tashi ƙofar kabad ta buɗe. Butar da na bari a banɗaki ta gangaro har falo. Kwanar farko na mirgina sai da na dafe bango da hannun da na ce ya shanye. Babu bel na ɗaure jiki, babu abin riƙewa. Da muka hau tudun rage gudu, katifar ta ɗaga ni ta sauke, haƙorana suka haɗu. Ga zafi, don sanyin ɗakin ba ya aiki sai an tsaya an ba shi wuta, ko an tayar da janareta. Kuma fa wannan titin Dubai ne, sumul, Khan yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Na tuna hanyar Haɗeja da damina.

Na kira sunansa. Na ƙara da ƙarfi. Na daki bango da tafin hannu. Na ciro waya na buga masa, tana ta ringin. Ashe tana kan dashbod, shi kuma ya ƙure waƙar garinsu. Sai da ya gama zagayensa ya tsaya don kansa. Na fito rigata sharkaf. Ya miƙo min ruwa, ya dubi gidan, ya dube ni, ya ce da ɗan Turancinsa, "Mama, no."

Washegari Alhaji ya zo da mutumin kago, za a auna tsawo da faɗi a ga jirgin da zai ɗauka. Abu Samir ya sa sabuwar jallabiya, ya aiki a kawo shayi. Tun da safe ya ce min in kawo fasfo ɗina ran Lahadi. Mai awon ya ja tef ɗinsa, ni kuma na matsa kusa da Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ina da magana kafin a auna."

"Ina jin ka."

"Kada a sa Hajiya a cikin wannan ana tafiya."

Ya juyo gaba ɗaya. "Ba kai ka cika min kunne da shi ba?"

"Ni ne, Alhaji. Har gobe shi na fi so. Amma shi gidan sauka ne, a isa a kwance shi a zauna. Jiya na shiga an ja ni a nan bayan layi. Ni da lafiyata sai da na riƙe bango. Na yi ta kiran direban bai ji ba."

Ya ce, "Ita ta ce maka wani abu?"

Na tuna hannunta a kan nawa. Na ce ba ta yi ƙorafin komai ba, tambaya ɗaya ta yi min, na rasa amsa. Ya ce wace? Na faɗa masa yadda ta faɗa.

Ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar. Ya ce a hankali, "Ni ba za ta taɓa yi min wannan tambayar ba."

Can ya ce to in mota mai ɗakin za a saya, direba fa, a ɗaki ɗaya da su? Na ce a sa labule mai kauri a bayan kujerarsa, murya za ta wuce, ido ba zai wuce ba. Kuma ba dole sai bare ne zai ja ba. Ya yi ɗan tunani, sai na ga ya murmusa. Ya ce autansu zai sa. Shi kam ba ta jin kunyarsa, in ya taka burki da ƙarfi tun daga Gezawa za ta fara zagin sa har su isa. Ya ce wa mai awon ya naɗe tef ɗinsa. Bai kalli Abu Samir ba, bai sha shayin ba, ya ce shi ba zai sayi ko ƙusa a wajen mutumin da ya ce masa babu matsala ba.

Abu Samir ba ya jin Hausa, amma bai buƙaci tafinta ba. Da suka tafi bai yi faɗa ba. Ya zauna yana jan carbi, ya ce min ni yaron kirki ne, sai dai shi ba kirki yake sayarwa ba. Ya sa aka ba ni abincin ranar kamar kullum, na ci, ya ce yalla, in kama hanya, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Khan ya kai ni tashar jirgin ƙasa na metro a motar da yake ja. Da zan sauka ya dafa kaina.

Sauran kwanakin na koma bin layin sito, amsar ba ta canja ba. Alhaji ya samo wata ƙaramar mota mai ɗaki a Sharjah, wajen wani Bature da zai koma gida, ya kira ni in duba masa. Na shiga ƙarƙashinta, na gwada famfo da batir, na nuna masa inda rufin ya taɓa yoyo. Da za a kai ta wajen 'yan kago na zauna a baya, na ɗaura bel a kujerar cin abinci, muna tafiya ina kallon gari ta taga. Wannan ne hawana na farko a mota mai ɗaki. Ba ta kai rabin gidan jan kyau ba, kicin ɗin ma in ka juya sai ka bugi firji, amma na ce wa direban ya rage gudu da muryar da ba ta fi ta hira ba, ya rage.

Alhaji ba shi da shago a Dubai, bai kuma yi min alkawarin komai ba. Na buga wa Umma na gaya mata gaskiya, na ce ina hanya, babu aiki, babu tsaraba. Ta ce Allah ya kawo ni lafiya, me nake so a dafa min.

Ranar tafiya, da jakata a hannu, na bi ta Al Khabaisi in yi sallama. Hajiya ta ce ga mijin da ba ya riƙe sirri ya zo, ita ta sake ni, in nemi wata. Na ce Hajiya ni tambaya kawai na isar. Ta ce ai shi ke nan, bakina kamar kwando. Ta yi min addu'a doguwa, ta sa Anti Rabi ta ƙulla min dabino in kai wa Umma.

Muna cikin haka Alhaji ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ta gan shi, ta mayar da fuskarta bango. Na miƙe zan tafi, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ɗan nan, ka gaya wa mutumin nan a sa min matashin ta wajen taga. Ina so in ga hanya."

Tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. Na dubi Alhaji. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka ce mata an ji."

Na juya na ce mata an ji, na ɗauki jakata.